Labulen da Ke Kallon Titi

Garin nan da ke bayan babban birni garin kwana ne kawai. Da sassafe motocin haya su kwashe mutanensa su juye su a birni, da yamma su dawo da su a yamutse kamar wankin da ba a goge ba. Ya kasu gida biyu, ko da yake ba wanda ya taɓa kafa allo ya rubuta hakan. Akwai Tudu, inda gidaje ke da get da maigadi da furanni a gindin katanga. Akwai kuma Gangare, inda kai da maƙwabcinka kuke shanya a igiya ɗaya. Kwalta ce ta raba su, inda ta ƙare nan Tudu ya ƙare.

Gidan matar da ake kira Mai Labule shi ne na ƙarshe a bakin kwaltar. Tagar falonsa tana kallon titi, ƙofar shiga kuwa tana ta gefe, a wani lungu da ke cika da taɓo in damina ta zauna. In ka tambaye ta inda take zaune sai ta ce ƙarshen Tudu. In ka tambayi mijinta sai ya ce farkon Gangare, amma sai ya waiga tukuna ya ga ko tana kusa.

Ɗinkin labule ta koya a hannun wata tsohuwar tela da ta yi wa aiki tun tana budurwa, da shi kuma ta tsufa. Shagonta wani ɗaki ne a bayan gidan: keke ɗaya mai feda, dogon teburin yanka, da buhunan ƙyallaye da zuciyarta ba ta taɓa yarda ta zubar ba. Da wuya ka sami taga a Tudu da ba ta taɓa hawa tsani a gabanta ba, tef a wuya, allurai a baki. Ta san gidajen nan ta ciki. Ta san inda ake ba ta ruwa a kofin gilashi, ta san inda ake ɗauko mata na robar da aka ware wa masu aiki. Ba ta taɓa fitar da maganar gidan kowa ba, shi ya sa ba su daina kiran ta ba. Amma ba a taɓa ce mata ga kujera a falo ba, ita ma ba ta sa rai ba. Takan ci abin da aka ba ta a tsaye a kicin, ta naɗe tef ɗinta, ta fita ta ƙofar baya.

Darasi ɗaya take maimaita wa kowace matar gida har sun haddace. Labule fuska gare shi da baya. Fuskar ta mutanen gida ce, ita ake juyowa ciki. Bayan kuwa a yi masa shafi da farin yadi mai kauri, shi zai tari rana, don rana ba ta da kunya, ba ruwanta da tsadar yadi. Haka ta ɗinka wa kowa. A gidanta ne kaɗai ta karya dokar.

Abin ya faru ne shekarar da suka tare a gidan, ɗansu na fari yana rarrafe. Matar manajan wani kamfanin gine-gine ta ba ta aikin falonta da wani yadi mai nauyi, kore shar, da ganyaye ruwan gwal a jikinsa. Da aka gama ya yi saura, Matar Manaja ta ce ta tafi da shi, ita ba ta da wurin ajiye tarkace. Tarkacen nan Mai Labule ta rungumo har gida kamar jariri. Ya ishi taga ɗaya cif. Farin yadin shafi ne ba ta da shi, sai ta zazzage buhu ta harhaɗa ƙyallaye, fari da ruwan madara da toka-toka, ta ɗinke su wuri guda. Da ta hau kujera za ta rataya sai ta leƙa waje. Ga motocin Tudu nan, kowacce ta zo daidai gidanta sai ta rage gudu ta juya, tunda nan hanya ta ƙare, kuma dole idon mai motar ya faɗa kan tagar. Ta daɗe a tsaye a kan kujerar. Daga nan ta juya labulen, ta ba titi fuskarsa.

Mijinta akawu ne a wata ma'ajiyar kaya a birni, mutum mai sanyin hali da son zolaya, kowa Akawu yake ce masa, har ita. Da ya dawo ya shigo falo ya ga ƙyallaye suna kallon sa, ya ajiye jakarsa ya ce, "Tela, yau kuma labule ne ya sa riga a baibai?"

Ta ce na ɗan lokaci ne, kafin ta sami wani yadin ta yi wa ciki. Ya yi dariya ya tafi wanke hannu. Ɗan lokacin nan ya haura shekara ashirin.

A bayan labulen nan yara biyu suka girma, Yaya da ƙanwarsa Auta. Auta tana ƙarama takan ce ƙyallayen taswira ce, ta raba wa kowa ƙasarsa, ta ba babanta toka-tokar da ke can ƙasa saboda shi ba ya faɗa. Dokokin gidan duk daga tagar suka fito. Ba a ɗaga labule, ba a leƙe, ba a shanya a gaban gida, ba a zaman dakali irin na 'yan Gangare. Ba a wanke shi, don yadin ba ya son ruwa, sai dai ta bi shi da buroshi daga ciki yana rataye, kuma ko na minti ɗaya ba ta yarda a ga tagar tsirara. Falon kullum dishi-dishi yake, ko da tsakar rana sai an kunna fitila za a yi aikin makaranta. Ta hana yaran wasa da na Gangare, na Tudu kuwa ba su taɓa gayyatar su ba. Haka suka tashi kamar jemage, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba.

Maƙwabta sun ce girman kai ne, kuma ba za a ce sun yi ƙarya ɗungurungum ba. Amma wanda bai taɓa wuni yana shiga gidajen mutane ta baya ba, bai san yadda rai ke kwaɗayin abu ɗaya nasa da zai fuskanci gaba ba. In ta dawo da yamma ta lungu, kai a sunkuye saboda ƙunshin yadi, ƙafa a kumbure, abin da ke riƙe ta shi ne sanin cewa can a gaban gida akwai kore da ruwan gwal, iri ɗaya da na gidan manaja. Da wannan ta jure kofin roba.

Saura kaɗan Akawu ya ajiye aiki, wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a tasha yana jiran mota. Aka dawo da shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Ɗakin kwanansu ƙarami ne ga zafi, saboda haka aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa a falo, inda za ta ji motsinsa daga shago. Katifar kuwa ba yadda za a sa ta sai tana fuskantar taga.

Daga nan rayuwarta ta zama kai da kawo tsakanin keke da katifa. Ta taka feda, ta tsaya ta kasa kunne. Ta juya shi, ta goge masa jiki, ta ba shi abinci a baki, ta wanke zannuwa, ta koma ta tarar ta manta inda ta tsaya a kalmasa. Idonta ma ya fara yaudarar ta, zare sai Auta ta dawo daga makaranta take zura mata a allurai da yawa a jere don su kai ta gobe. Bayanta ya riƙe, gwiwa ta ƙi tsani. Masu ba ta aiki suka fara cewa ta yi sanyi, wasu suka koma sayen na kanti. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi ƙorafi ba. Ta dai gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Wata rana tana share masa baki bayan ya sha shayi, ya ɗaga hannun hagu ya nuna taga.

"Tela," ya ce, "juya shi."

Ta yi kamar ba ta gane ba, ta tambaye shi ko iska yake so. Ya girgiza kai, ya sake tattaro ƙarfinsa. "Na gaji. Da kallon baya."

Ba abu ne mai wuya ba, aikin hawa kujera ne da zare zobba. Amma roƙon ya zo a mummunan lokaci. Kwanan nan Yaya, wanda ya sami aiki a wani ofis a birni, ya zauna a gabanta yana murza hannu ya ce akwai yarinyar da suke aiki tare, sun fahimci juna. Da ya faɗi 'yar gidan wa ce, sai da Mai Labule ta dafa tebur. 'Yar Matar Manaja ce, yarinyar da Mai Labule ta taɓa auna tagar ɗakinta, ita tana wasa da 'yar tsana a ƙasa. Kuma uwar ta aiko cewa za ta zo duba mara lafiya, wanda kowa ya san ma'anarsa ita ce za ta zo ganin gida.

Ta ce wa Akawu ya yi haƙuri sai baƙi sun zo sun tafi. Ta shiga gyara kamar mai shirin karɓar alƙali. Ta goge kujeru, ta ɓoye kwanon da ake tara masa in zai yi fitsari, ta ari kofunan gilashi. Har ta raya a ranta a mayar da Akawu ɗaki ranar, da ta furta Auta ta yi mata wani kallo ta ce ai shi za a zo dubawa. Kunya ta kama ta, ta bar maganar.

Bayan kwana biyu ya sake nuna tagar. A lokacin ta ɓata wani yanka ne a shago, ga wanki jiƙe, ga tukunya tana ƙonewa.

"Haba Akawu," ta ce, muryarta ta fi yadda ta so ƙarfi. "Abu ɗaya tak gare mu da ke nuna mu ma mutane ne. Shi kake so in juya wa titi baya, a wannan makon? Ka tausaya wa yaron nan mana."

Ya dube ta, ya sauke hannunsa a hankali. Bai sake roƙo ba. Ta yi zaton za ta ji sauƙi, sai shirun ya fi roƙon ciwo. Duk sanda ta shigo za ta same shi ya kafe ido a gindin labulen, ba ya ko ƙiftawa, ta ajiye abin da ta kawo ta fita da sauri.

Baƙuwar ta zo da tsakar rana. Direbanta ya ajiye mota a tsallaken titi inda akwai inuwa, ita kuma ta bi lungu tana tattare zani, tana zaɓen inda za ta taka. Ta tsufa ita ma, ta yi jiki, tana haki. Ba muguwar mace ba ce, gaskiya a faɗe ta, irin mutanen nan ne dai da ba su taɓa buƙatar auna magana ba. Tana shigowa ta ce, "Sannu Mai Labule," sai ta kama baki ta yi dariya ta ce, "au, surukata." Suka zauna kujera da kujera, karo na farko a rayuwarsu da kawunansu suka zo daidai. Mai Labule ta zauna a bakin tata kujerar kamar ita ce baƙuwa.

Aka gaisa, aka sha lemo, aka yabi yaran. Matar Manaja ta duƙa ta yi wa Akawu sannu, ta ce Allah ya sa kaffara ne. Tana duƙe ne idonta ya kai gindin labulen, ta kama bakin yadin ta murza, ta ce ikon Allah, wannan ai yadinta ne na farko, tun gidan yana sabo, ita har ta manta da shi, ta sauya labule ya fi a ƙirga tun daga lokacin. Mai Labule ta ji daɗi har cikin ranta. An gane yadin.

Da za ta tafi ta raka ta har mota. Rabon da ta tsallaka titin nan da rana tsaka har ta manta, don ba abin da ke kai ta can. Matar Manaja ta riƙe mata hannu a bakin motar, ta rage murya irin ta mai son yin alheri a ɓoye.

"Akwai waɗanda na sauke bara, ke kika ɗinka su, da sauran ƙarfinsu. Zan aiko direba ya kawo miki. Wancan kam rana ta gama da shi. Na daɗe ina gani in mun zo juyawa, ina cewa zan gaya miki, sai in manta."

Mai Labule ta yi godiya, don bakinta ya saba. Motar ta tashi. Sannan ta juya ta dubi gidanta.

Babu kore. Babu ganye ko ɗaya. Abin da ke bayan ƙarafan tagar wani tsumma ne da ya koɗe ya koma launin tsohon buhu, da dabbare-dabbaren inda ruwan sama ya taɓa fantsamowa, ga wata tsaga a tsakiya inda zaren ya ruɓe. Ta kare ido da hannu ta sake dubawa ko idonta ne. Ba idonta ba ne. Ita da ta koya wa Tudu kaf cewa rana ba ta da kunya, ta miƙa mata yadinta da hannunta, ta koma ciki tana taƙama. Ta sha wucewa ta gefensa, ta sha wurga masa ido daga bakin lungu da magariba, amma abin da ke kanta take gani, ba abin da ke tagar ba. Ashe ita kaɗai ce a garin ke yi wa rogo kallon kitse. 'Yan Tudu sun gani, 'yan Gangare sun gani, kowa ya ja bakinsa. Ta tsaya a ranar har wani mai babur ya yi mata hon.

Ta shigo falo ba ta ko cire takalmi ba. Auta tana kwashe kofuna.

"Ka sani?" ta tambayi Akawu.

Ya gyaɗa kai. Da ƙyar ya haɗa mata cewa tun yana zuwa aiki ya sani, tunda shi ta titi yake dawowa daga tasha. Ta dubi Auta, Auta ta sunkuyar da kai tana jujjuya kofi.

"Me ya hana ku faɗa mini?"

"Shi kaɗai ne," ya ce, ya huta, "in kin ambata, kike murmushi."

Haushi take son ji, amma ba ta da ƙarfinsa. Ta ce to tunda ya san babu komai a fuskar, me yake so ya gani da ya dame ta a juya? Ya ɗaga hannun hagun nan ya nuna ƙasa.

Ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara, ta kwantar da kai daidai matashinsa. Daga nan ne ta gani. A can gindin labulen, inda ta kalmashe yadin ya naɗo ta baya, akwai wani siriri mai faɗin tafin hannu da rana ba ta taɓa kaiwa gare shi ba. Kore shar, da rabin ganyaye ruwan gwal, sabo kamar jiya aka yanko shi. Mai tsayuwa ba zai lura ba, sai wanda ke kwance. Wata da watanni abin da yake kallo ke nan, yana tunanin ko a cikin tattarar da aka yi wa yadin a sama ma akwai saura. Abin da ya roƙa ke nan ta hana shi, saboda titi.

Ta miƙe ta jawo kujerar da baƙuwa ta tashi a kai, ta taka ta da takalminta. Auta ta riƙe mata ƙafa. Ta zare zobban ɗaya bayan ɗaya, ƙurar shekaru ta zubo musu a ka, labulen ya faɗo a hannunta ba nauyi kamar da. Haske ya cika falon har Akawu ya runtse ido. Da ya buɗe sai ga titi, ga yaran Gangare suna tura taya, ga mai kayan gwari yana wucewa da baro. Ta bar shi yana kallo, ta kai labulen teburin yanka, ta ɗauki reza ta farke kalmasar, ta farke tattarar a hankali don yadin yana neman rabewa a hannunta. Akwai saura. Ba yawa, layi-layi ne sirara tsakanin koɗaɗɗen, kore nan, fari nan, kore can. Ta kama tsagar da allura, ta maida zobban, ta dawo ta sake hawa kujera.

"Mama," in ji Auta, "ƙyallayen fa za su koma waje. Mutane za su gani."

"Bar su su gani. Titi ya ci rabonsa."

Ta rataye shi fuska a ciki, ta ja shi gefe kaɗan don haske ya shigo. Akawu ya daɗe yana bin layukan da ido, daga sama har ƙasa, bakinsa da ya karkace yana ɗan motsi. Bai ce ya yi kyau ba, don bai yi ba, kuma shi ba ya mata ƙarya, shiru kawai ya iya. Ya dai buga katifar da tafin hannunsa ya ce, "Tela. Zauna."

Akwai aiki a kan keke, akwai wanki a bokiti, akwai kofunan aro da za a mayar. Ta cire takalmin, ta zauna a ƙasa kusa da kansa, ta jingina bayanta da bango, suna kallon abin da ya rage. A waje wata mota ta rage gudu, ta juya a gaban tagar kamar kullum. Mai Labule ba ta ɗaga kai ba.